Ragon Takwarata

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. In na ce zan rubuta, sai in tuna ni a firamare karatuna ya tsaya, kuma ina tsoron kada in faɗi abin da ba haka yake ba in kwashi alhakin wani. In na ce in bari kuma, sai abin ya tsaya mini a rai, har ina cikin salla yana faɗo mini. Na fara na yaga, na sake farawa na sake yagawa. Yanzu dai na yanke shawara zan faɗi abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuma zan kama sunan wurin ba.

A Tudun Wadan Zariya nake zaune, a gidan da maigidana ya rasu ya bar ni. Awara nake soyawa da yamma a ƙofar gida. Lokacin da yake raye, Babbar Salla ba ta taɓa wucewa ba a yanka rago a gidan nan ba, ko da ƙarami ne. Tun da ya rasu ba a sake kayar da dabba a tsakar gidan ba. Maƙwabta suna aiko mini da nama, ɗana ma yana kawo soyayye a kula daga Kaduna inda yake aiki. Ina godiya. Amma mai karɓa daban, mai bayarwa daban, kuma duk shekara ina jin wannan a jikina.

Ɗan nan da nake magana shi ne ɗan farina. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da shi ba, haka aka tashe mu. In ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon gefe. In ina da magana matarsa nake faɗa wa. Shi ma in zai ba ni abu ba ya miƙo mini hannu da hannu, sai ya ba ƙaramar 'yarsa ya ce, "Kai wa takwararki." Sunana aka sa wa yarinyar. Atamfa ta hannunta take zuwa mini, wayar da nake riƙewa ma ta hannunta ta zo. Na faɗi wannan ne don kada a ce haka kawai tsohuwa ta tashi ta yi wauta.

Wata Asabar kafin azumi suka zo da mota. Surukata ta ce, "Inna, ki shirya, za mu kai takwararki gona."

Na ce, "Gonar wa? Yanzu da rani?"

Ta ce, "Gonar dabbobi ce. Ana shiga a taɓa su, a ba su abinci."

"A taɓa su a yi me?"

Ta yi dariya ta ce, "A ji daɗi mana, Inna."

Ban so zuwa ba. Na yi tunanin titi da manyan motoci, na yi tunanin waken da na jiƙa, na yi tunanin inda zan yi azahar. Amma takwara ta riƙe mini hijabi tana cewa in ban je ba ita ma ba za ta ba, sai na saka takalmi.

Wurin yana can bayan an wuce Dutsen Abba, an zagaye shi da katanga mai fenti, an zana shanu suna murmushi. Motoci ne jere a ƙofa. Mutane masu fararen kaya da turare sun yi layi suna sayen tikiti don su shiga inda akuya ke kashi. Ni da akuyar maƙwabta take shigo mini gida kullum ta cinye dusar awara, in bi ta da tsintsiya! Da na san ana biya a gan ta, ai da na sa kujera a ƙofar gida.

Wata yarinya ce ta karɓe mu, da malafa a ka da dogon takalmin roba, ita ce mai zagayawa da baƙi. Kafin mu shiga ta matsa wa kowa wani ruwa mai sanyi a tafin hannu. Na ce na mene ne? Ta ce don kada mu shafa wa dabbobi cuta. Wato mu ne masu dauɗa, akuya ce mai tsabta. Ruwan yana da wani wari mai hawa ka, na tsaya ina tunanin ko da giya a ciki, ga ni da alwala. Na tambaye ta, ta ce, "Babu komai, Mama," ba ta ko dube ni ba. Har muka bar wurin hannun nan ban yarda da shi ba.

Abin da na gani a ciki, wallahi da ba ni labari aka yi da na ce an ƙara gishiri. Ana sayar da yankakken karas a ɗan kofi, karas mai kyau wanda ni sai da Salla nake sa shi a shinkafa, a miƙa wa awaki. Wani babban mutum da ƙaton agogo ya matsa kusa da talo-talo don a ɗauke shi hoto, talo-talo ya bubbuɗe ya yi kansa, sai ga bawan Allah yana gudu hularsa a ƙasa, 'ya'yansa suna ihu. Wata mata akuya ta ja mata bakin mayafi, ta kwarma ihu kamar an sare ta, da ta ga ba ta mutu ba sai ta ce wa mijinta, "Ka ɗauki hoton? Bari ta sake ja." Wani yaro da ya isa shiga sakandare ya tambayi ubansa ko saniya tana cizo, uban ya ce bari ya tambayi ma'aikata. A Zariya! Agwagi kowacce da sunanta a rubuce a allo. An yi layin tatsar nono kamar layin ganin likita, saniya ɗaya tal, kowa ya zo ya ja ya matse yadda ya ga dama, ba abin da ke fita, ita kuwa ta rufe ido ta haƙura. Na tausaya mata ƙwarai. Akwai jaki ma da ake ɗora wa yara tun safe, an sa masa hula.

Takwara ba ta ga laifin komai ba. An ɗora mata zomo a cinya ya yi mata fitsari a riga, ta ce wai yana son ta ne. Ni kuwa na shiga lissafin ko rigar ta taɓa hijabina.

Daga nan muka isa garken tumaki. Akwai wani ɗan rago fari a ciki, mai tsayin ƙafa, ƙahonsa ya fara lanƙwashewa. Ya zo ya sa baki a kofin karas da ke hannun takwara, ta rungume wuyansa ta ce ba inda za ta. Mai malafa ta matsa kusa da ɗana suka yi magana, ya ciro waya ya danna, ta duba tata ta gyaɗa kai. Sai ta kawo jan ƙyalle ta ɗaura wa ragon a wuya, ta ce da Hausa, kowa yana ji, "Shi ke nan, ya zama nata. Mu za mu riƙa kula da shi, duk lokacin da kuka so ku zo."

Ɗana ya dubi 'yarsa ya ce, "Je ki nuna wa takwararki."

Jama'a, ku da kuka san yadda muke, me za ku fahimta? An biya kuɗi a gabana. An ce ya zama nata. An ce za a riƙe shi a kula da shi, wato kiwo, yadda uwata take ba 'yan'uwanta na ƙauye tunkiya su riƙe mata. Sannan an turo yarinyar wurina, yadda ake turo ta da atamfa. Yarinya ƙarama me za ta yi da rago? Na ce a raina, yaron nan ashe yana lura. Ya ga shekarun da na yi ban yi layya ba, kunya ta hana shi faɗa, shi ne ya biyo ta wannan doguwar hanya. Idona ya kawo ruwa, na juya baya don kada ya gani.

Na shiga garken na kama ragon. Na duba idanunsa, na duba kunnuwa ko akwai yanka, na ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, na shafa wutsiya. Na buɗe bakinsa in ga haƙori, don in tabbata zai isa layya kafin lokaci. Mai malafa ta ce, "Mama, a hankali, ba a buɗe musu baki, yana ba su tsoro."

Takwara ta ce, "Ke tsohuwa, sakar mini ɗana."

Na ce, "Ɗanki? Sannu uwar mai ƙaho. Allah ya raya."

Ta sa masa wani suna irin na 'yan wasan yara na talabijin, ban iya faɗarsa ba. Ni dai na riƙe ƙahonsa na ce a hankali, amma da bakina na faɗa, "In Allah ya kai mu, kai ne na layyata." Wannan kalma ita ce ta hana ni sakat har yau.

A mota na so in yi godiya. Ba zan iya yi masa kai tsaye ba, sai na ce wa matarsa, "Allah ya yi albarka. Allah ya ƙara buɗi. Yadda aka faranta mini, Allah ya faranta muku." Ta ce, "Amin, Inna. Ashe dai kin ji daɗin wurin." Shi yana tuƙi bai ce komai ba, na ɗauka kunya ce.

Ban iya riƙe abin a cikina ba. Akwai maƙwabciyata, Kirista ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, katanga ɗaya ta raba mu. Duk Kirsimeti sai ta aiko mini da shinkafa da kaza, kuma Musulmi take sa ya yanka saboda ni. Ni kuwa da Salla naman da aka ba ni nake tsakura in aika mata. Na leƙa na ce mata, "Bana cinya guda za ki ci, daga ragona." Ta yi guɗa. Matan layinmu suna haɗa kuɗi duk shekara su yi watanda, a sayi sa a raba, na ce su cire ni bana. Na aika wa mahaucin da yake yi wa maigidana fiɗa na ce ya sa ni a lissafi. Kafin azumi ya ƙare duk mai sayen awara ya san ina da rago a wurin kiwo.

Damuwata a lokacin ɗaya ce, kada su lalata shi da karas. In na kwanta rana sai in riƙa tunanin ko suna ba shi harawa, ko suna ba shi kanwa, ko yaran masu kuɗi sun karya masa ƙaho wurin hoto. Sau ɗaya na tambayi surukata a waya, "Ragon fa?" Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, har hotonsa suna turowa." Ban ce yaushe za a kawo shi ba. Abin da aka ba ka cikin kunya ba ka bin sa da tambaya, sai ya zama kamar zalama.

Da watan Salla ya tsaya na daina yanke farce, na fasa kitso, kamar yadda mai niyyar layya yake yi. Na share wurin da maigidana yake ɗaure rago, na sayi harawa. Kwanaki suna tafiya, raguna suna ta kuka a gidajen mutane, ni shiru. Sai na ce wataƙila ya bar mini ne in ɗauko da kaina tunda ni ce a kusa. Ana jibi Salla na ɗauki shatar keke mai ƙafa uku, na saka igiya a jaka.

A ƙofa mai gadi ya ce in sayi tikiti. Na ce ba kallo na zo ba, kayana na zo ɗauka. Ya kira mai malafa, ita kuma ta kira wani saurayi mai riƙe da makullai, wai shi ne manaja. Na yi musu bayani tun daga farko, ranar da muka zo, da jan ƙyalle, da komai.

Manajan ya ce, "Hajiya, ai ba sayar da shi aka yi ba. Nauyin abincinsa aka ɗauka."

Na nuna mai malafa na ce, "Wannan da bakinta ta ce ya zama nata."

Ya ce, "E, nata ne. Amma a nan."

"Nata ne, ba ta iya fita da shi?"

"A'a."

"Ba ta iya sayarwa?"

"A'a, Hajiya."

"To yankawa fa?"

Mai malafa ta dafe ƙirji ta ce, "Yankawa?" kamar na ce zan yanka ƙaninta. Ta ce su a nan suna koya wa yara son dabbobi ne. Tana wannan magana hayaƙin tsire yana tasowa daga rumfar abincinsu, a bayanta. Ban san ko naman itace suke gasawa ba.

Na ce to a bar ni in gan shi. Suka dubi juna, suka bar ni na shiga. A garken babu babban rago ko ɗaya, duk ƙanana ne. Mai malafa ta nuna wani ɗan mitsitsi da bai daɗe da barin nono ba, da jan ƙyalle a wuya, ga wani shuɗi, ga wani ruwan ɗorawa, duk a wuya ɗaya. Ta ce, "Ga shi nan."

Na ce, "Yarinya, ki ji tsoron Allah. Wanda na buɗe wa baki kafin azumi ya fi wannan girma tun a ranar. Rago yana komawa baya ne?"

Manajan ya sosa ƙeya ya ce in sun girma suna tunkuyin yara, shi ya sa ake mayar da su wani wuri, a ɗaura ƙyallen a kan wani. Yara ba sa ganewa.

Na ce, "Wane wuri?"

Ya ce, "Sai mai gonar, shi ya sani."

Ana jibi Salla, babu babban rago ko ɗaya a garke, kuma wai ba wanda ya san inda suka tafi. Ban ce sun sayar ba, don ban gani ba. Na dai faɗi ranar da abin ya faru.

Na fito na hau keke. Mai keken ya leƙa bayana ya ce, "Mama, ragon ya ce sai a mota zai hau?" Da muka iso Tudun Wada na ce ya sauke ni a bakin titi, na ƙarasa da ƙafa, don kada 'yan layi su ga keke ya tsaya a ƙofata babu komai a ciki. Watanda an riga an rufe. Rago kuwa a wannan rana ba na mai awara ba ne.

Ranar Salla bayan an sauko idi mahauci ya yi sallama da wuƙaƙensa. Na ba shi haƙuri ta bayan ƙofa. Da yamma na shiga wurin maƙwabciyata na faɗa mata gaskiya, don na kasa haɗa ƙarya. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ga fuskata ta daina. Ta ce, "Ke ma dai, da kin tambayi ɗanki tun farko." Na ce da wane bakin? Ita ba ta san wannan kunyar ba, 'ya'yanta har wasa take yi da su. Cinyar da na yi mata alkawari ba ta sake tayar da maganarta ba, wannan ya fi mini ciwo a kan ta yi mini gori.

Washegari suka zo daga Kaduna da nama a kula kamar kullum. Takwara ta hau cinyata da wayar uwarta ta nuna mini hoton ɗan mitsitsin nan mai ƙyalle uku, ta ce, "Tsohuwa, kin ga ɗana? Ya ƙara kyau." Uban yana zaune a bakin ƙofa yana murmushi. Na ce ya yi kyau. Har yau bai san na je ba, bai san abin da na ɗauka ba, kuma ina jin har yanzu yana tura musu kuɗin abincin ragon da ba ya nan.

Na je wurin malamin da muke ɗaukar karatu a wurinsa na tambaye shi hukuncin kalmar da na faɗa ina riƙe da ƙaho. Ya ce in ragon ba mallakina ba ne, babu komai a kaina, mutum ba ya alkawari da abin da ba nasa ba. In kuwa kuɗin da aka biya ya sa ya zama nawa ko na yarinyar, to maganar tana da sauran bayani, sai na san haƙiƙanin cinikin. Na ce su ma masu wurin sun ce nata ne kuma ba nata ba ne. Ya ce shi bai taɓa jin irin wannan ciniki ba.

Shi ya sa na rubuta. Cikin masu karanta wannan ba za a rasa wanda ya taɓa aiki a irin wannan gona ba, ko wanda ya taɓa biya aka ɗaura wa dabba ƙyalle da sunan ɗansa. Don Allah a gaya mini, mene ne ainihin abin da ake saya? Dabbar ce, ko abincinta, ko hoton? Kuma in sun girma ina ake kai su? In kasuwa ake kaiwa a faɗa mini, in san wani ya riga ya yi layya da shi in cire rai. In kuwa yana nan da rai a wani garke, ina so in san garken, in kai wa malam cikakken bayani kafin watan Salla ya sake tsayawa.